Babi na Bakwai: Maryam Babangida da Ofishin da Babu Shi a Doka

Kafin watan Agustan 1985, talakan Nijeriya bai damu da sanin matar shugaban ƙasa ba, kuma babu wanda ya ɗauki hakan abin mamaki. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi shekaru yana Firaminista iyalinsa na cikin gida. Haka ma Alhaji Shehu Shagari: da za ka tara mutum goma a tashar mota a 1982 ka ce su faɗi sunan uwargidansa, da wuya ka samu ɗaya. An san Victoria Gowon, domin an yi bikinta a Legas a 1969 ana tsakiyar yaƙin basasa, jaridu kuma suka cika da hotuna. Amma bayan biki aikinta bai wuce tsayawa gefen maigida a karɓi baƙi, ko leƙa asibiti da gidan marayu ba. Safinatu Buhari kuwa, a wata ashirin ɗin da mijinta ya yi a kan mulki, kusan ba a ji ɗuriyarta ba.

Maryam Babangida ce ta kawo ƙarshen wannan zamani. Ta tarar da matsayin da ba shi da tebur, ba shi da ma'aikaci, ba shi da ko layi ɗaya a kundin tsarin mulki, ta bar shi yana da ofis da jerin gwanon motoci da rassa har ƙananan hukumomi. Duk uwargidan shugaban ƙasar da ta biyo baya, ko tana son Maryam ko ba ta so, a kan shimfiɗarta ta zauna.

An haife ta ranar 1 ga Nuwamba 1948 a Asaba, garin da ke bakin kogin Kwara daura da Anaca. Sunan da aka raɗa mata Maria Ndidi Okogwu. Mahaifinta, Leonard Okogwu, Ibo ne ɗan Asaba; mahaifiyarta, Hajiya Asabe, 'yar Arewa ce daga yankin da yanzu ake kira Jihar Neja. Ta fara makaranta a Asaba, sannan aka kawo ta Kaduna, ta shiga makarantar 'yan mata ta mishan ɗin Katolika da ke Kakuri, wadda daga baya gwamnati ta karɓa ta sa mata sunan Sarauniya Amina. Da ta gama ta wuce Cibiyar Horar da Ma'aikata ta Tarayya, nan Kaduna, ta koyi aikin sakatariya.

Masu rubuta tarihinta sukan wuce wannan gaɓa da sauri, kamar karatun sakatariya ba abin a tsaya a kai ba ne. Ni ina ganin nan ne aka ƙera ta. Sakatariyar wancan zamani ba buga tafireta kawai take koya ba. Tana koyon yadda ake buɗe fayil, yadda ake tsara ajandar taro, yadda ake rubuta abin da aka tattauna, wasiƙar da za ta jira da wadda dole maigida ya gani kafin ya tashi. Ita ce ta san cewa magana ba ta zama umarni a gwamnati sai ta hau takarda mai hatimi. Macen da ta san wannan, in ta samu kanta kusa da mulki, ba za ta tsaya ga rabon atamfa da buhun shinkafa ba. Za ta nemi tsari.

Shekarun ƙuruciyarta kuma ba masu sauƙi ba ne ga mai jini biyu irin nata. Tana 'yar shekara goma sha bakwai aka yi juyin mulkin Janairun 1966, aka kashe Sardauna a Kadunan da take zaune, sannan kashe-kashen Ibo a garuruwan Arewa suka biyo baya. A watan Oktoban 1967 sojojin tarayya suka shiga Asaba, aka hallaka ɗaruruwan maza fararen hula, abin da mutanen garin ba su manta ba har yau. Dangin uwa a wannan ɓangare, dangin uba a wancan. Shekara biyu bayan haka ta auri hafsan sojan tarayya.

Ibrahim Badamasi Babangida ɗan Minna ne, ya girme ta da shekara bakwai. Ya san ta ne ta hanyar abokinsa Garba Duba, wanda suka yi makarantar Bida tare suka kuma shiga soja tare, ita kuwa 'yar uwar Duba ce. A watan Afrilun 1969 aka ji wa Babangida mummunan rauni a fagen daga wajen Uzuakoli, aka kwashe shi zuwa asibiti a Legas. Da ya tashi, aure ya sa a gaba. An ɗaura ranar 6 ga Satumba 1969, Maria ta musulunta ta zama Maryam, ango kuma ya koma bakin daga, domin yaƙin bai ƙare ba sai Janairun 1970. Allah ya ba su 'ya'ya huɗu: Muhammad, Aminu, Aisha da Halima.

Shekara goma sha shida ta yi tana matar soja kafin ta zama uwargidan shugaban ƙasa, kuma wanda bai san rayuwar barikin soja ba ba zai gane abin da ta yi daga baya ba. A bariki muƙamin miji shi ne muƙamin mata. Matar kyaftin ba ta zama kafin matar kanar ta zauna. Matar kofur in mijinta ya hana ta kuɗin cefane, ko ya ɗaga mata hannu, ba kotu take zuwa ba. Magajiyar layinsu take kai wa ƙara, magajiya ta kai wa matar kwamanda, matar kwamanda ta raɗa wa mijinta da daddare, gobe da safe a kira kofur ofis. Ba a rubuta wannan a dokar soja ba, amma yana aiki, sau da yawa ma ya fi rubutacciyar doka sauri. Ga kuma canjin wurin aiki ba sanarwa: yau kina Kaduna, gobe sigina ta zo, a ɗaure kaya a akwatunan katako, a cire yara daga makaranta ana tsakiyar zango. Ga zaman jiran tsammani duk sanda aka ji kiɗan soja a rediyo da asuba.

Ita kam ta sha wannan zaman. Ranar 13 ga Fabrairun 1976, da Laftanar Kanar Dimka da mutanensa suka kashe Janar Murtala Muhammad, mijinta aka tura gidan rediyo a Ikoyi ya tunkari Dimka. A Maris ɗin 1986, tana fadar mulki, aka harbe Manjo Janar Mamman Vatsa bisa hukuncin yunƙurin juyin mulki, mutumin da suka taso da mijinta tun suna yara. Matan hafsoshi sun san juna, sun ci suna da biki tare. Wadda aka yi wa ta'aziyya jiya ita ce ta riƙe miki jariri shekaranjiya. Littafin da Maryam ta fitar a 1988, The Home Front, a kan wannan rayuwa ta matan hafsoshi ya tsaya.

Juyin mulkin 31 ga Disamba 1983 ya mai da Babangida hafsan hafsoshin sojan ƙasa. A al'adar soja, matar mai wannan kujera ita ce shugabar ƙungiyar matan hafsoshi, NAOWA. Kafin ita ƙungiyar ta fi kama da dandalin shan shayi. A hannunta ta koma buɗe makarantun yara, wuraren raino, ɗakunan shan magani da wuraren koyon sana'a a barikoki. Nan ta gwada hanyar da za ta bi daga baya: umarni ya fito daga matar babba, ya gangara ta hannun matan na ƙasa da shi, har ya isa ga matar kurtu.

Ranar 27 ga Agustan 1985, ana hutun babbar Salla, aka kifar da gwamnatin Buhari. Babangida ya yi abin da babu sojan da ya taɓa yi kafin shi: ya kira kansa Shugaban Ƙasa, laƙabin da aka saba ji wa zaɓaɓɓen farar hula. Ba a daɗe ba matarsa ma ta samu ofis da ma'aikata a barikin Dodan, fadar mulki ta lokacin. A watan Satumban 1987 ta tara mata a Abuja, aka ƙaddamar da shirin inganta rayuwar matan karkara, wanda kowa, har tsohuwar da ba ta jin Turanci, ya sani da suna Better Life.

Sai a tuna halin da ƙasa ke ciki. A 1986 gwamnati ta shigo da shirin tsuke bakin aljihu, SAP. Aka karya darajar naira, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, aka rage ma'aikata, kaya suka yi tashin gwauron zabo. Nairar da ta fi dala daraja a 1985, a 1993 sai ka ba da wajen ashirin da biyu a farashin gwamnati kafin ka samu dala ɗaya. A watan Mayun 1989 ɗalibai da talakawa suka fantsama kan tituna suna bore. Gwamnati na buƙatar abin da za ta nuna a ce ba ta manta da talaka ba, shi ya sa aka ga hukumar DFRRI ta hanyoyin karkara da rijiyoyi, da MAMSER ta wayar da kai, da Bankin Al'umma mai ba da ƙananan rance a 1989. Better Life ɗan wannan gida ne. Duk mai cewa tausayi zalla ya haife shi bai faɗi gaskiya duka ba. Mai cewa farfaganda ce zalla shi ma haka.

Matsalar da shirin ya sa a gaba ta gaske ce. Ɗauki mace a wani ƙauyen ƙasar Kano ko Katsina mai sana'ar man gyaɗa. Za ta sayi gyaɗa tiya biyar, sau da yawa bashi. Ta soya, ta murje, ta sheƙe ɓawon. Ta daka a turmi har ta zama tunkuza, ko ta aika yaro da ita garin da ke da injin markaɗe, ya yi tafiyar awa guda ya bi layi. Ta dawo ta zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan tana juyawa da muciya har mai ya tsatso, ta matse da hannu, ta mulmula ƙuli-ƙuli ta toya. Wuni ya tafi, kafaɗa ta mutu. Tana cikin kulle, don haka 'yarta ce za ta ɗauki tallar, wato 'yar ba za ta je makaranta ba ke nan. Ribar kuma, bayan an biya mai gyaɗa, ba ta wuce kuɗin sabulu da zubin adashi ba. A Kudu irin wannan wahala ake sha wajen gurzar rogo da matsar manja. Babu bankin da zai ba wannan mata rance, ba ta da takardar fili, malamin gona kuma mijinta yake nema in ya zo. Aikinta ba ya shiga lissafin kowa.

Amsar Better Life ita ce a haɗa irin waɗannan mata cikin ƙungiyoyin gama kai, a ba su injin niƙa ko na matsar mai ko na gurzar rogo, a buɗe musu ajin yaƙi da jahilci da wurin koyon ɗinki, saƙa, rini da haɗa sabulu, a kuma nema musu kasuwa ta hanyar shaguna da bajekoli. Shirin ya kuma sa hannu a gangamin rigakafin yara da koyar da haɗa ruwan gishiri da sukari, a daidai lokacin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya yana ƙoƙarin kai kiwon lafiya matakin farko. A inda aka dace da shugabanni masu amana, mata sun ga canji, kuma akwai tsofaffi har yau da za su ce maka a ajin Better Life suka fara rubuta sunansu. Wani abin da ba a cika lissafawa ba shi ne izini. Magidancin da ba zai bar matarsa ta fita taron wata ƙungiya ba, in aka ce matar gwamna ce ta kira, kuma sanarwar ta biyo ta hannun hakimi da dagaci, sai ya yi shiru. A Arewar da mata ba su samu 'yancin jefa ƙuri'a ba sai 1976, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

To amma dubi yadda aka gina shi. Maryam ce shugaba ta ƙasa. A kowace jiha matar gwamnan soja ce shugaba. A ƙaramar hukuma, matar ciyaman. Tsarin bariki ne aka ɗauko ɗungurungum aka kifa wa ƙasa. Ba a tambayi ko matar gwamna ta taɓa kwana a ƙauye ba, ko tana jin harshen jihar da aka turo mijinta, ko ma tana son aikin. Takardar shaidarta ita ce igiyar aure. In aka canja gwamna, kuma a zamanin Babangida an sha canja su, sabuwar uwargida ta zo da nata mutanen da nata ƙauyukan da take so a gani.

Daga nan ranar ƙaddamarwa ta fi aikin kansa muhimmanci. A kafa rumfuna, a share hanya, a ɗinka anko, a jera 'yan makaranta cikin rana tun hantsi. Uwargida ta iso bayan azahar, a yi guɗa, ta yanke ƙyalle, a tayar da inji a gaban kyamarar NTA, a watse. Bayan wata shida bel ya tsinke, ko man dizal ya gagara, ko a rasa wanda ya san gyaran injin a duk faɗin gundumar, domin wanda ya sayo shi ɗan kwangila ne daga birni, matan ba su ma san nawa aka saye shi ba. Abin da ba kai ka nema ba, ba kai ka zuba kuɗinka ba, da wuya ka yi masa dawainiya. Masu barkwanci a birane suka riƙa cewa shirin na inganta rayuwar matan masu mulki ne. Lauyoyi da 'yan jarida kuma suka yi ta tambayar da ta fi barkwanci nauyi: kuɗin daga ina, wa ya amince da su, wa ke bincikar yadda aka kashe? A mulkin soja babu majalisar da za ta tilasta a ba da amsa.

Akwai kuma ƙungiyoyin mata da suka riga Better Life, waɗanda mata suka kafa da kansu. Ga NCWS tun kafin 'yancin kai, ga WIN da aka kafa a Zariya a 1982, ga FOMWAN ta mata Musulmi da aka kafa a Minna a 1985, garin mijin Maryam, Hajiya Aisha Lemu tana amira ta farko. Da gwamnati ta ga dama da ta bi ta hannunsu. Sai ta zaɓi hannun matan gwamnoni. Masaniya Amina Mama ta yi rubutu mai zafi a kan haka a 1995, inda ta bambanta gwagwarmayar mata da mulkin matan manya, wanda ƙarfinsa daga kujerar miji yake fitowa. Hujjarta tana da ƙarfi. Majalisar mulkin soja ta Babangida ba ta da mace ko ɗaya, a zaɓen 1992 kuma mace ɗaya tak ta shiga Majalisar Dattawa mai kujeru 91. Ko Hukumar Mata ta Ƙasa da aka kafa da doka a 1989, aka ba Farfesa Bolanle Awe ta Jami'ar Ibadan shugabancinta, ba ta tsira daga jayayyar wa ke gaba tsakaninta da ofishin uwargida ba, farfesar kuma ba ta daɗe a kujerar ba.

A 1991 ƙungiyar The Hunger Project ta ba Maryam lambar yabo ta Afirka kan yaƙi da yunwa, tare da Wangari Maathai ta Kenya. Haɗin ya ba da sha'awa. Maathai ta fara ne daga ƙasa a 1977, tana sa matan ƙauye dashen itatuwa, gwamnatin Shugaba Moi tana tsangwamarta, 'yan sanda har dukanta sun yi. Maryam ta fara daga sama, da jirgin gwamnati da rakiyar soja. Ta isa wurare da yawa cikin shekara shida fiye da yadda Maathai za ta iya a lokacin. Amma ƙungiyar Maathai ba ta dogara da wanda ke kan mulki a Nairobi ba, ita kuwa Better Life ta dogara. Kayan aro, in ji Bahaushe, ba ya rufe katara.

Kusanci da mulki ya jawo mata wasu abubuwan ma. Daren 22 ga Afrilun 1990 sojojin Manjo Gideon Orkar suka far wa barikin Dodan da manyan bindigogi, iyalin shugaban suna ciki. Dogarin Babangida, Laftanar Kanar U.K. Bello, ya rasa ransa. Orkar ya hau rediyo ya ce ya cire Sakkwato, Borno, Katsina, Kano da Bauchi daga Nijeriya. Iyalin sun tsira, kuma a Disambar 1991 aka kwashe fadar gwamnati zuwa Abuja. A Agustan 1991 aka ƙirƙiro Jihar Delta aka sa hedikwatarta a Asaba, mutanen Warri da Urhobo suka ce ai sadakin Maryam aka ƙara. Ko da hannunta ko babu, abin lura shi ne jama'a sun yarda tana iya yin hakan. Babu wanda ya taɓa zargin matar wani shugaba kafin ita da sauya taswirar ƙasa.

An soke zaɓen 12 ga Yunin 1993, Babangida ya sauka a ƙarshen Agusta, suka koma Minna. Better Life bai yi shekara biyu a bayansu ba. Sabuwar uwargida, Maryam Abacha, ta zo da nata shirin na tallafa wa iyali a 1994, matan sababbin gwamnoni suka bi ta, aka sauya allunan da ke jikin gine-gine. Abin da ya rage shi ne abin da ya samu gindin zama a doka ko a siminti. Hukumar Mata ta zama cikakkiyar ma'aikatar tarayya a 1995. Cibiyar bunƙasa mata da ta gina a Abuja tana nan tana aiki, kuma sunanta take ɗauke da shi yanzu. A Minna ta mai da hankali kan makarantarta ta El-Amin. Ta rasu ranar 27 ga Disamba 2009 a wani asibiti a Los Angeles ta Amurka, bayan doguwar jinyar cutar daji, tana da shekara 61, aka kawo ta Minna aka yi mata sutura. 'Yarta Aisha ce ke riƙe da Better Life a yau, a matsayin ƙungiya mai zaman kanta da ke neman tallafi kamar kowace ƙungiya.

Ofishin kuwa ya ƙi mutuwa. Uwargidan shugaban ƙasa Mai Shari'a Fati Lami Abubakar ta kafa ƙungiyar mata ta WRAPA a 1999, ta kuma yi dabarar yi mata rajista a matsayin ƙungiya mai cin gashin kanta, shi ya sa ta rayu bayan mijinta ya miƙa mulki. Stella Obasanjo, Turai 'Yar'aduwa, Patience Jonathan, kowacce ta zo da nata shirin da nasa suna, haka matan gwamnoni talatin da shida a ƙasansu. Kundin tsarin mulkin 1999 bai ambaci uwargidan shugaban ƙasa ba, kamar yadda na 1979 bai ambata ba. Lokacin yaƙin neman zaɓen 2015 Muhammadu Buhari, mutumin da Babangida ya kifar, ya kafa hujja da wannan ya ce ba za a yi ofishin a gwamnatinsa ba. Matarsa Aisha Buhari ta yi zangon farko ana kiranta matar shugaban ƙasa kawai, tana gudanar da shirinta na Future Assured daga cikin fadar. A watan Yunin 2019 ta sanar cewa daga ranar a riƙa kiranta da cikakken laƙabin da aka kira Maryam da shi.